Lasifikar Filin Wasa: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Ta?

A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, wanda yawancinmu a fim kaɗai muka taɓa ganinsa. Ɗan wasa ɗaya ya wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani ya tare ta da kulki, in ya dace ya make ta sai ya yar da kulkin ya zura da gudu yana bin tashoshi har ya dawo inda ya taso. Kowane ɓangare mutum tara ne, kuma zagaye tara ake yi. Nijeriya ma ta taɓa shi, domin a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003 an buga besbol, Afirka ta Kudu ta zo ta ɗaya, mu muka zo na biyu. Amma daga Ƙanƙara har Sabuwa a ƙasar Katsina da wuya ka sami wanda ya taɓa riƙe kulkin.

Cikin ma'aikatan wannan wasa akwai wanda ba ya jifa, ba ya duka, ba ya alƙalanci. Yana zaune a wani ɗan ɗaki can saman 'yan kallo, takarda a gabansa, makirufo a bakinsa, aikinsa kiran suna. Duk wanda zai fito ya riƙe kulki, sai ya faɗi gurbin da yake tsarewa da lambar rigarsa da sunansa, sannan ya ja bakinsa ya yi shiru. Wanda ya fi kowa suna a wannan aiki shi ne Bob Sheppard, mai sanarwar ƙungiyar New York Yankees tun daga 17 ga Afrilu 1951 har zuwa 2007, wasa fiye da 4,500. Asalinsa malamin koyar da iya magana ne, har a jami'ar St. John's ya koyar, kuma koyarwar ya ɗauka sana'arsa ta gaskiya. Ba ya ihu, ba ya jan suna, muryar da zai kira ɗan gida da ita zai kira baƙo. In ya ci karo da sunan da bai san yadda ake furta shi ba, sai ya je ya tambayi mai sunan. Ƙa'idarsa uku ce: a ji ka sarai, ka taƙaita, kada ka yi kuskure. Da ciwo ya kwantar da shi, kyaftin ɗin ƙungiyar, Derek Jeter, ya roƙa a riƙa sa muryar tsohon da aka naɗa duk lokacin da zai fito. Sheppard ya rasu a Yulin 2010 yana da shekara 99, amma muryarsa ce ta ci gaba da kiran Jeter a filin gida har ya yi ritaya a 2014.

Me zai sa kiran suna ya kai wannan matsayi? Tsarin wasan ne ya jawo. Besbol wasa ne na tsaya-ka-ci-gaba, ana jifa ɗaya a dakata, mai kulki ɗaya ya gama wani ya fito. Kafin a fara, kowane koci yana miƙa wa alƙali jerin sunayen mutanensa bisa yadda za su riƙa fitowa, kuma wanda ya tsallake layi an hukunta ƙungiyarsa. Wanda aka cire kuwa ba ya dawowa a wasan ranar. Dokar wasan ta ce da zarar an sanar da babban alƙali canji, ya bayyana shi ko ya sa a bayyana. Ke nan mai sanarwa bakin alƙali ne, abin da ya faɗa shi dubban mutane za su riƙe a matsayin abin da ya faru, wasunsu ma da fensir a hannu suna rubutawa. Kafin zuwan lasifika aikin na ƙarfi ne. Pat Pieper, wanda ya yi wa ƙungiyar Chicago Cubs sanarwa daga 1916 har ya rasu a 1974, ya shekara goma sha shida yana yawo a gefen fili da wani ƙaton bututu mai faɗin baki yana kwarara sunaye, sai a 1932 aka sa masa lasifika.

Wanda ya tashi a ƙasar Katsina ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mun daɗe da sanin cewa maganar da ta shafi jama'a tana buƙatar mai ɗaukar ta. In saƙo ya fito daga Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, ko Sarkin Yamma a Faskari, ko Kogo a Sabuwa, yakan bi ta dagatai da masu unguwanni har ya iso bakin mai shela, shi kuma ya bi lungu-lungu ko ya tsaya a tsakiyar kasuwa. Da gaisuwar sarki yake farawa, don kowa ya san maganar ba tasa ba ce, aiko shi aka yi. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun gane amfaninsa, shi ya sa suka riƙa ɗaukar masu shela suna ba su lasifikar hannu kafin kowane zagaye. Haka a wajen ɗaurin aure. Liman da waliyyai suna can ciki suna magana ƙasa-ƙasa, mutum goma ko ashirin ne ke jinsu. Maroƙi ne zai miƙe ya juyo ga ɗaruruwan da ke zaune a tabarmi a waje ya ce an ɗaura auren wane da wance, a kan sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba. Da wannan jimla ɗaya ya mai da dukan taron shaidu. A gidan da ake aurar da 'yan mata biyu rana ɗaya, in harshensa ya sarƙe ya haɗa sunan wannan ango da waccan amarya, sai an yi da gaske kafin a kashe ƙurar.

Amma inda aikin ya fi kama da na filin besbol shi ne dandalin dambe. Wannan yanki ƙasar noma ce, masara da dawa da auduga, kuma dambe tun asali wasan kaka ne, lokacin da amfani ya zo gida aljihu ya yi nauyi. Mahauta ne suka riƙe shi tun da, suna bin garuruwa ana karɓar su. A fili za ka ga kowa da aikinsa. Masu kalangu suna ba kowane ɗan dambe takensa, mawaƙi yana zuba baiti, shi ɗan damben in tsumi ya taso masa ya fito tsakiya ya yi wa kansa kirari. Sanƙira shi ne mai ɗinke waɗannan duka ya miƙa wa ɗan kallo. Shi zai faɗi wa ya fito, daga wane ɓangare, Arewa ko Kudu, Jamus ko Guramaɗa, wa ya nema, an amsa ko an ƙi, turmi nawa za a yi, da yadda aka tashi.

A nan ne za ka gane cewa aikin ba na mai ƙarfin murya kaɗai ba ne. Sunan ɗan dambe tarihi ne a dunƙule. Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane, Dogon wane: kowane ɗaya yana gaya maka a hannun wa yaron ya tashi, wane gida yake karewa, wace tsohuwar gaba ya gada. Sanƙiran kirki ya san cewa ubangidan wannan ya taɓa kashe ubangidan wancan shekaru da suka wuce, kuma ya san lokacin da zai tuna wa jama'a. Da ya faɗa, damben da ɗazu ake kallo a matsayin na yara biyu sai ya koma ramuwar gayya, mai tsire ya bar tukubarsa, na baya su hau kan babura suna leƙe. In kuwa ya kira Autan wani da sunan wani gidan, bai yi ƙaramin laifi ba, ya cire yaro daga zuriyarsa a gaban jama'a. Wanda ya saurari tsofaffin kaset na Ɗan Anace, ko na Mamman Shata da ya zauna a Funtuwa nan maƙwabtan Faskari, ya san wannan muryar da ke kutsowa tsakanin baitoci, tana ƙara wa mawaƙi bayani, tana faɗin wanda ya yi kyauta. Ba don a ji ta ake sayen kaset ɗin ba, amma cire ta ka ji yadda wajen zai yi fayau.

Saboda haka ba na cikin masu cewa mu kwaikwayi Sheppard yadda yake. A kai irin sanyin muryarsa gidan dambe, kafin turmi na biyu rabin mutane sun watse. A besbol wasan yana tafiya ko an zuga ko ba a zuga ba, tunda jadawali ne ya haɗa ƙungiyoyin tun watanni da suka wuce. A dambe kuwa zuga tana cikin abin da ke haifar da wasan kansa. Ɗan dambe yana da ikon ya ƙi wanda ya neme shi, kuma sau da yawa kiɗa da bakin sanƙira ne ke taso shi daga inda ya zauna ya miƙa hannu a ɗaure masa. Su ma Amurkawan yawancin filayensu yau sun koma ihu da jan suna, Sheppard ya zama abin tunawa.

Abin da nake ganin ya kamata a lura da shi shi ne sanƙira yana ɗauke da aiki biyu a baki ɗaya. Akwai zuga, akwai shaida. Zuga tana son ƙari da gishiri, kowa ya san haka, ba wanda zai kai shi ƙara don ya ce yaron nan bai taɓa faɗuwa ba alhali an kashe shi a makon jiya. Shaida kuwa ba ta ɗaukar ƙari ko na ƙwayar gero. Ƙwararru a cikinsu suna raba biyun da murya. Za ka ji mutum yana ta ambaliyar kirari, amma da alƙali ya raba, sai ya sauke murya ya ce turmi uku babu kisa, ko wane ya kashe wane a turmi na biyu, a fili, ba ado. Jama'a sun san wannan sauyin murya, kuma da shi suke gane inda wasa ya ƙare gaskiya ta fara. Wanda bai iya sauyin ba, ko muryarsa ta kai Sheme daga Ƙanƙara, bai iya aikin ba.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne filin ƙwallon ƙafa na unguwa. Kowa ya san yadda ake yi: kofin ciyaman ko na wani mai neman kujera, filin makarantar firamare, layin da aka ja da toka, rumfa ɗaya ta manyan baƙi, lasifikar haya da janareta yana ta tari a bayanta. Sai a miƙa makirufo ga saurayin da ya fi kowa surutu a majalisa. Shi kuma abin da ya taso yana ji shi ne sharhin gasar Firimiya a sashen Hausa na BBC, ko irin na Abubakar Isa Dandago a rediyo a Kano, don haka shi zai kwaikwaya. Ga ta nan, ya ɗauka, ya ba wane, ya yanke, ya buga, ta fita. Minti casa'in ba numfashi.

Matsalar ita ce sharhin rediyo an yi shi ne don wanda ba ya gani. Direban da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau yana buƙatar a gaya masa ƙwallo tana ƙafar wa. Wanda ke tsaye taku biyar daga layi ba ya buƙata, idonsa na kai. Abin da ba ya iya gani shi ne sunan yaron da ya shigo yanzu, da wanda aka ba katin gargaɗi, da minti nawa suka rage, da dalilin da ya sa aka tsaya. Waɗannan kuwa su ne suke nutsewa cikin surutun. Kunnen ɗan Adam in aka dame shi da ƙara yakan rufe kansa. Bayan minti goma ba mai sauraron lasifikar kuma, ta zama ɗaya da ƙarar janareta. Sai a zo cigiyar yaro ɗan shekara huɗu da ya ɓace wa yayarsa, ko a ce masu babura su janye daga bakin hanya, a faɗa sau biyar ba wanda ya motsa. Mai sanarwar besbol ba ya magana in ƙwallo tana tafiya, kuma wannan shirun ne ke sa in ya buɗe baki a saurara. An ce Sheppard har littafi yakan karanta tsakanin mai kulki da mai kulki.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mai sharhi a rediyo yana iya cewa alƙali ya yi kuskure, ra'ayinsa ne, masu jinsa suna warwatse a gidajensu da shagunansu. Mai lasifika a fili in ya ce wannan ai fanareti ce, ko ya ce babu satar gida a nan, ya faɗa ne a kunnen matasa dubu da ke tsaye wuri ɗaya, babu katanga babu waya tsakaninsu da alƙalin, wanda galibi wani malamin makaranta ne da aka ɗauko daga garin maƙwabta a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasannin unguwa da yawa da suka ƙare da jifa, in ka bi diddigi, za ka tarar akwai kalmar da ta fito daga lasifika kafin dutsen farko ya tashi. Bakin alƙali ba ya ƙaryata alƙali. In mai shirya gasa zai kafa wa mai makirufo doka ɗaya tak, wannan ce.

Sai batun suna, wanda a ganina an fi raina shi alhali ya fi sauran sauƙin gyarawa. A filin unguwa kowa Messi ne ko Kante ko Ahmed Musa. Laƙabi ba laifi ba ne, yana ƙara armashi. Amma rigimar da ta fi kashe gasannin ƙananan hukumomi ita ce ta 'yan haya, wato a ɗauko ɗan wasa daga Funtuwa ko Zariya a sa masa jesi a ce ɗan unguwa ne, ko a sa mai gemu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Babu na'urar tantancewa, katin shaida kuma kowa ya san yadda ake samunsa. To amma a ce kafin a take ƙwallo mai sanarwa ya karanta sunan kowane yaro na yanka, da na mahaifinsa, da unguwarsu, a hankali, yaron ya ɗaga hannu. A gari irin Sabuwa ko Daudawa ko 'Yankara, inda kowa ya san ɗan gidan wa ye wane, ƙarya ba za ta kai layin tsakiya ba. Aikin da maroƙi ke yi a ɗaurin aure ke nan, mai da 'yan kallo shaidu. Ga kuma wani abu: uban da ya zo kallo ya ji an kira sunansa a lasifika tare da na ɗansa, gobe ba zai hana yaron zuwa atisaye ba.

A gefe guda, a can Amurka mata sun shiga aikin. Sherry Davis ta fara yi wa ƙungiyar San Francisco Giants sanarwa a 1993, Renel Brooks-Moon ta gaje ta a 2000 ta yi fiye da shekara ashirin, a Japan ma muryar mace aka saba ji a filayen besbol. Mu a nan zabiya da masu gabatar da bikin mata sun daɗe da nuna cewa iya riƙe taro ba na maza kaɗai ba ne, sai dai filin wasa bai buɗe musu ba, ko a wasannin makarantun 'yan mata sau da yawa namiji ake kira.

Duk wannan gyara mai sauƙi ne a baki. Abin da ke riƙe shi kuɗi ne. Sheppard ƙungiya ce ke biyansa, da dala 15 a kowane wasa ya fara, kuma ko wa ya shigo filin ladansa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Namu sanƙiran da liƙi yake ci. Wanda ya shirya wasa ya kashe kuɗi a kofi da jesi da rumfa da man janareta, amma mai makirufo sai a ce ai zai samu a fili. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Idonsa ba ya kan wasa, yana kan ƙofa, yana jiran babbar riga. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ga kujerun majalisar jiha, ga na ciyaman da kansiloli, don haka in zaɓe ya matso masu babbar riga ba sa yankewa. Ana tsakiyar wasa sai a ji an bar yaran da ke gudu a rana an koma jero sarautu da muƙaman wanda ya iso a makare, da na wanda ya wakilta, da na waɗanda suka rako shi. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta tun 1957 cewa roƙo a wurin Hausawa hanya ce ta tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma, kuma bakin da ke yabo shi ne ke iya yin zambo ga wanda ya hana. Har yau mai kuɗi yana ba da kyauta a fili da dalili biyu, son a faɗa da tsoron abin da za a faɗa in bai bayar ba.

Kada kuma a yi saurin tsine wa faɗin kyauta, domin yana da aikin da yake yi. A wurin da ba a rubuta komai, sanarwa ita ce rasit. In Alhaji ya ba ɗan dambe dubu hamsin ta hannun wani, sanƙira ya faɗa a lasifika, ɗan aiken ba shi da halin ya miƙa dubu talatin. Kuma faɗin ne ke tsokano na kusa da shi ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ɗan damben da ba shi da albashi, ba shi da inshora, wanda zai iya barin haƙoransa a fili, da wannan gasar ta masu kyauta yake ciyar da gidansa. Wanda ya ce a daina faɗi gaba ɗaya, abincin wani ya taɓa.

Sai dai a waɗannan ƙananan hukumomi uku zamani ya sauya lissafin. Ranar 9 ga Yuni 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari suka kashe mutane da dama, kuma rahotannin lokacin sun ce har filin ƙwallo suka buɗe wa wuta, inda matasa ke kallon wasa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, aka yi watanni babu sabis. Mutanen da suka saba da WhatsApp suka wayi gari labari ba ya isa sai ta baki, ko ta lasifikar masallaci, ko ta mai shela. An yi zaman sulhu a wasu wurare a 2025, har da Faskari, amma wanda ya ga waɗancan shekaru ba ya shiga taro yadda yake shiga da.

Wannan ya ɗora wa mai makirufo nauyi biyu da kakansa bai sani ba. Na farko, kowa a yankin ya san kalmar infoma, kuma ya san ɓarayin daji ba sa ɗaukar mutum sai an ba su labarin abin da ya mallaka. Sanƙiran da ya tsaya gaban mutum dubu ya ce Alhaji wane na gari kaza, mai shago a wuri kaza, ya ba da dubu ɗari biyu, ga waya a hannun kowa tana ɗauka, ya yi wa mai neman kuɗin fansa rabin aikinsa ba da niyya ba. Yabon da a da yake ɗaga mutum yau yana iya hana shi kwana a gidansa.

Na biyu shi ne firgici. Babu mai lasifikar da zai tare harsashi, kuma ba wanda zai ce da an yi sanarwa da abin Kadisau bai faru ba. Amma taron da ke ɗauke da tsoro ba ya buƙatar ɗan bindiga kafin ya yi wa kansa illa. Tayar mota ta fashe, ko babura biyar su taho a jere da ƙura, wani ya ce ga su nan, shi ke nan. Abin da turmutsutsu ke yi an gan shi a filin wasa na Accra ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, inda 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum fiye da 120 suka mutu. A irin wannan daƙiƙa murya ɗaya ce ke isa kunnen kowa a lokaci guda. In mai ita ya shafe awa biyu yana barkwanci da ƙarya da zagin alƙali, ranar da ya ce jama'a ku tsaya, ba komai, ba mai yarda. In kuma shi ne ya fara jefar da makirufo ya ranta a na kare, ƙarar faɗuwarsa kaɗai ta isa. Don haka wanda za a ba wannan aiki a Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa ya kamata ya san ta ina ake fita daga filin, ya san wa ke kula da tsaro a wajen, ko 'yan sanda ne ko 'yan banga ko dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a 2023, ya kuma yarda cewa ba zai faɗi labarin tsaro ba sai daga bakinsu ya ji. Ya san ƙarfe nawa ake kiran magariba, ya ja hankalin alƙali tun da sauran rana, don kada mutanen ƙauye su kama hanya cikin duhu. Ba wani dogon horo ake buƙata ba, zama ɗaya ne da mai shirya gasa kafin ranar.

In muka koma batun kuɗi, maganin da ya fi bayyana shi ne a yanka wa mai sanarwa lada tun farko, a sa shi cikin kasafin gasa kamar alƙali, don ya ɗauke ido daga ƙofa. A ƙwallon unguwa wannan mai yiwuwa ne, kuɗin bai kai na hayar rumfa ba. A dambe abin ya fi wuya. Sanƙiran da ya san dare ɗaya mai kyau zai iya ba shi abin da ya fi ladan wata ba zai yarda a ɗaure shi da albashi ba, mai kyauta kuma in ba za a ambace shi ba hannunsa ba zai shiga aljihu ba. Abin da ya rage shi ne tsaka-tsaki: a faɗi sunan mai kyauta, a yi masa kirarinsa cikakke, a bar adadin da garinsu da wurin sana'arsa, sannan a ƙirga kuɗin a gaban ɗan damben da Sarkin Dambe ko wakilinsa, don kada rasit ɗin ya ɓace. Gasar masu kyauta za ta ɗan yi sanyi, tunda ba a san nawa za a ɗara ba, kuma 'yan dambe ne za su fara jin raguwar a aljihunsu. Su ya kamata a fara zama da su kafin a kafa dokar.